Yatsa na Shida

Duk mai sauke kifi a kwatar wani gari na bakin tafkin Kainji, can wajen Ngaski, sai ya yanki tikiti. Da kuɗin tikitin nan hukumar garin take gyara hanyar kwata, ragowar kuma ta tallafa wa masu ƙananan sana'o'i. Wata shekara aka ce za a ba ƙungiya ɗaya tak sababbin rumfuna da murhun banda da jari, amma sai mai mutum hamsin, kowa da sunansa da dangwalen yatsansa.

Cindo, shugaban masu bandar kifi, mutum goma sha tara gare shi. An haife shi da ɗan yatsa na shida a hannun hagu, kuma da Allah ya ba shi ashirin ma duk sai ya damƙi abin duniya da su. Ya zauna ya ƙirƙiro sunaye talatin da ɗaya. Tsoron masu tantancewa ya sa ya tuƙa kwalekwale da rana tsaka zuwa tsibirin wani boka.

Wurin tsafin tsohon jirgi ne aka kife. A ƙarƙashinsa an jera ƙasusuwan kan giwan ruwa, kowanne an cusa masa jan ƙyalle a baki. Ga tukunya cike da ruwa, babu iska amma ruwan yana motsi. Duk ƙarnin wurin, ko ƙuda ɗaya babu.

"Mi kaka so?" in ji boka.

"So nike takardar ga ta wuce, kar kowa shi tambaye ni."

Boka ya bi sunayen da farce. "Waɗanga talatin da ɗaya, ɗiyan wa na?"

"Ba su da kowa, malam. Ni na yi su."

"To ka ba ni su. Shi na ladata."

"Ba rago, ba kuɗi?"

"Mi zan yi da rago? Akwai mutane ƙarƙashin ruwan ga tun da anka yi dam, sun rasa mai kiransu. Suna suke biɗa."

Cindo ya danne dariya ya ce ya bayar. Boka ya yanka baƙar tarwaɗa, ya ɗiga jininta a tawadar dangwale, ya miƙa masa. "Kowane suna shi samu yatsa nai."

Da Cindo ya isa gida ya kira innarsa, da matarsa Tabawa, da 'yarsa Hamdiyya, ya ce aron yatsu za su ba shi. Kowacce ta dangwala goma. Inna ta ce, "Ɗan nan, tawadar ga sanyi gare ta." Suna ɗaya ya rage, sai ya danna ɗan yatsan nan nasa da bai taɓa yi masa amfanin komai ba.

Takarda ta wuce ba tambaya. Rumfuna talatin da ɗaya da jarinsu suka zama nasa. Ya sayi jirage biyu masu inji, ya rushe gidan ƙasa ya yi na siminti, masu gaishe shi suka fara durƙusawa.

Wata safiya Inna tana tsince shinkafa, sai ta ɗaga kai ta ce, "Na'am."

"Inna, wa ya kira ki?"

"Ladi anka kira, ai ni ce."

Cindo ya tuna Ladi ce ta ashirin a takardar, ta farko cikin sunayen ƙaryar. Kullum Inna sai ta amsa sabon suna. A rana ta goma ta taka ta shiga tafki, masunta suna kallo, ba ta waiwayo ba. An tsamo ta kan yatsunta baƙi ƙirin. Tabawa ta biyo baya, tana magana da muryar maza tana tambayar inda rumfarta take, har ta bi sawun surukarta. Hamdiyya kuwa Cindo ya ɗaure ta da sarƙa a ɗaki, mutum goma suna faɗa a baki ɗaya. Kowa ya ji sai ya yi hawaye.

Cindo ya koma tsibiri yana roƙo, ya ce a karɓi jiragen da gidan. Boka ya ce, "Kai ka bayar, kai ka dangwala. Saura ɗaya."

Nan take Cindo ya zaro wuƙar feɗe kifi ya datse yatsan, ya jefa a ruwa. Boka ko kallonsa bai yi ba. "Ai mai sunan ya riga ya san gida."

Rumfunan nan kullum aka wayi gari sai a tarar da su a jiƙe, da sawun laka. Mutane suka ƙaurace wa kwatar, tikiti ya tsaya, hanya ta zaizaye, bayin Allah goma sha tara da ba su san komai ba suka rasa abin yi.

Mai cusa sunan ƙarya cikin haƙƙin talakawa, ya ji tsoron Allah, don hannun da ya dangwala shi za a nema, kuma nasa na gida ake fara ɗauka.

Cindo ya toshe kunnuwansa da auduga ya ƙaura can tudu, nesa da ruwa. Ran nan ana alwala a ƙofar masallaci, ya zuba ruwan buta a dungun yatsan, sai na kusa da shi suka ji ya ce, "Na'am."