Motar da Ta Juya a Hanyar Filin Gishiri

"Sake faɗi, Hilario. Iska ta hana ni ji."

Ba iska ba ce, Nelida ta ji shi sarai. Baƙin yawon buɗe ido da suka kwaso sun watsu a gindin dutse mai launi bakwai na garin Purmamarca, kowa na ɗaukar hoto. Ita da Hilario sun daɗe suna wannan aiki tare, shi a kan sitiyari, ita tana yi wa baƙi bayani, har an sa bikinsu bayan girbin masara.

"Na karɓi aikin," ya ce, idonsa a ƙasa. "Direba suke nema."

"Kamfanin da zai haƙa filin gishirinmu?"

"Tuƙi kawai zan yi, Neli."

"Eh mana. Ka tuƙo masu haƙan har ƙofar gidan Baba."

"Kin san ƙodar Mama ta gaza. Su za su ɗauki nauyin asibitinta. Ko waɗannan masu manyan hulunan ne za su ɗauka?"

Ta juya ta kira baƙi su shiga mota.

Suka hau hanyar da ke nannaɗe da tsaunuka, ja da kore da ruwan hoda suna wucewa ta taga. A filin gishirin ta fara bayanin da ta saba, yadda kakanninta ke saran gishiri su ɗora wa lama, dabbobin nan masu kama da ƙananan raƙuma, su gangara kwari su yi musaya da masara. Tana cikin magana muryarta ta karye. Wata baƙuwa ta zaci tsayin wurin ne ya taɓa ta, ta miƙo mata alawa.

Da ta koma ƙauye ta tarar da mahaifinta, Don Ceferino, yana wasa gatarin gishiri, ganyen koka da mutanen tsaunin ke taunawa a kumatunsa. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan.

"Na ji labari," ya ce kafin ta zauna.

"Baba, ba da son ransa ba ne..."

"Na sani. Yaron ba mugu ba ne, ni da bakina na kira shi ɗana. Amma idon ruwa ɗaya gare mu, Nelida. In suka zuƙe shi wajen haƙarsu, me dabbobi za su sha? Kabarin uwarki kuma, goya shi zan yi in kai birni?" Ya gwada kaifin gatarin da yatsa. "Za mu tare hanya. Ban ce ki zo ba."

Ta je.

Sanyin safiyar har cikin ƙashi. Mutanen ƙauyuka suka jera duwatsu a kan kwalta, mata lulluɓe da mayafan ulu, ana zagayawa da kunun jar masara. Hantsi ya ɗaga sai ga farar mota. Tun daga nesa ta gane Hilario ne, don shi kaɗai ke rage gudu haka a kwana.

Ta saki hannun mahaifinta ta taka har tagar motar. Ma'aikatan kamfani biyu na zaune a baya.

"Ki koma cikin mutane, masoyiyata. Don Allah."

"Ka rame."

"Neli, in ban kai su ba yau, aikin ya ƙare. Mama..."

"Ban zo roƙonka ba, Hilario. Na zo ne ka gan ni da kyau, ka san wa ke tsaye a wurin nan."

Ɗaya daga na bayan ya leƙo. "Malam, sauka gefen hanya ka bi ta rairayi. Tsofaffi ne, in sun ga da gaske kake za su kauce."

Hilario ya dubi gefen hanyar. Don Ceferino ne a tsaye, ya dogara da sanda, ko motsi bai yi ba.

"Wancan ba ya kaucewa," ya ce a hankali. "Na san shi."

Ya juya motar. Mutane suka ɗauki sowa, Nelida kuwa hawaye ne ya wanke mata fuska, don ta san abin da ya ajiye a wurin.

Kafin yamma an karɓe makullin. Ba a jima ba yayarsa da ke aure a birnin Cordoba ta ce a kawo tsohuwar, gidanta na kusa da babban asibiti, shi kuma an samo masa aikin gini.

A tasha suka rabu, da safe, dutsen nan a bayansu rana ta haska shi kamar ba abin da ya faru. An riga an shigar da mahaifiyarsa bas.

"Zo mu tafi," ya ce. "Yanzu, a haka. Zan saya miki kaya a can."

"Baba ba ya iya ɗaga gatari sau biyu sai ya huta. Wa zan bar wa shi?"

"To ni fa?"

"Kai ma uwa ka bi, rabin raina. Ban ga laifinka ba. Kada ka ga nawa."

"Zan dawo."

"Kada ka yi alkawari... in ka yi, jira zan yi ta yi."

Bai yi ba. Ya riƙe fuskarta da hannu biyu, ya jingina goshinsa da nata, har direba ya gaji ya danna oda. Ta tsaya tana kallo har bas ɗin ya sha kwana.

"Ke ce mai bayanin?" Wani mutum ne da ba ta sani ba, makullin motar baƙi a hannunsa. "Sun cika, ke ake jira."

Ta goge ido da gefen mayafi ta shiga gaba. Ta waiwaya ta yi wa baƙin murmushi, ta buɗe baki za ta yi musu barka da zuwa. Muryar ta ƙi fitowa.