Daren Da Aka Sako Ruwa A Watari

Tasi'u bai so barin matarsa Asiya a gadon asibitin birni ba. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce ta daɗe tana barci a ƙwaƙwalwarta, ƙila tun tana yarinya, sai da jiki ya yi rauni ta farka. Su ma, in ji shi, har yanzu binciken abin da ke tashinta suke yi. To amma a daren nan ne za a sako wa layin gonakinsu ruwa daga madatsar Watari, wanda ya rasa nasa kuwa albasarsa ta ƙone. Ya bar ta da ƙanwarta, ya hawo mota.

Yana cikin buɗe wa fangalin albasa ruwa da fartanya sai kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya. Ƙamshin man zafin da yake shafa mata ya daki hancinsa. Ya ɗaga tocila, ga mace tsaye a bakin gona.

"Malam, ka bar na gabas ba ruwa," ta ce. Muryar garau, babu nauyin harshen nan da ciwon ya sa mata.

"Asiya? Wa ya sallamo ki? Wa ya kawo ki?"

"Ciwon kan ya tafi. Na farka ban gan ka ba, shi ne na biyo ka."

Ta miƙo hannun hagu za ta karɓi fartanyar, hannun da ya mutu tun kaka. Ya haska ƙasa. Shi taɓo ya kama shi har idon sawu, ita kuwa ƙafarta fes, ko sawu ɗaya babu a bayanta.

Ya kashe tocilar.

"Da kin jira ni zuwa safe, Asiya."