Gishirin Ƙofar Mai Awara

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Talata Ugajin Shozo mai awara ya dawo daga kabarin matarsa, ya ɗaga kai kamar yadda ya saba, ya tarar babu allon sunan shagonsa. Ƙugiyoyi biyu ne kawai suka rage a saman ƙofar, da gurbin allon, fari tas a jikin katakon da ya yi baƙi.

Bai yi ihu ba. A Layin Kasuwa na garinmu Kurohama, in ka yi ihu wa zai ji ka? Shago arba'in da biyu ne a layin, talatin da takwas a garƙame. Sai ya taka a hankali zuwa ɗan ofishin 'yan sanda na bakin tashar jirgin ƙasa, ya tsaya a ƙofa, hula a hannu.

Saje Tokiwa na ciki shi kaɗai, kamar kullum. Saura wata biyar ya ajiye aiki, kuma rabon da a kawo masa ƙarar da ta wuce ɓatan keke har ya manta. Ya ɗauki littafinsa ya bi tsohon.

A hanya Ugajin ya yi masa bayani. Ranar Asabar Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta gari za ta karrama shagonsa saboda ya cika shekara ɗari ana yin awara a cikinsa ba fashi. Har an buga hotonsa a mujallar ƙungiyar. Amma takardun shagon duk sun ƙone a gobarar da aka yi tun yana yaro, shaida ɗaya ta rage: shekarar da kakansa ya sassaƙa da hannunsa a bayan allon. Jibi Alhamis sakatariyar ƙungiya za ta zo ta gani da idonta. In babu allo, babu karramawa.

"Baba, takarda ce fa da ɗan biki," in ji Tokiwa. "Ko akwai wani abu bayan wannan?"

Tsohon ya ce 'yarsa Chizuru shekara goma sha ɗaya ba ta tako garin ba, tun jana'izar uwarta. Ya aika mata mujallar ta gidan waya ba tare da ya rubuta komai ba, sai ga ta ta kira. Ta ce za ta zo bikin, in an gama ya rufe shagon ta tafi da shi birnin Nagoya. Ya yarda. "In aka fasa bikin ban san me zan ce mata ta zo ba," ya ce. Shekararsa saba'in da tara, kuma tsoro ne ƙarara a muryarsa.

Tokiwa ya duba ƙofar. Ba a lanƙwasa ƙugiya ba, ba a karce katako ba, an ɗaga allon ne an sauke cikin ladabi. A ƙasa akwai sawun ƙafar tsani guda biyu a kan ƙura. Ya tsuguna. Kamar kowane shago na mutanen da, akwai ɗan tsibin gishiri a kan ƙaramin faranti a kowane gefen ƙofar, don kore sharri da jawo masu saye. Ya daɗe yana kallon na hagu, ya koma yana kallon na dama, ya rubuta wani abu. Ya tambayi Ugajin yaushe ya zuba gishirin. Tsohon ya ce da safe, da yatsunsa, kamar yadda uwarsa ta koya masa. Saje ya ce kada ya taɓa farantan sai an gama bincike.

Ana cikin haka wani gajeren tsoho ya fito daga shagon taliya da ke tsallaken layin, yana goge hannu da tawul. Sakaki Gengo ke nan. Shekara hamsin yana sayen soyayyiyar awarar Ugajin kowace safiya don taliyarsa, shekara hamsin yana cewa ba ta da daɗi.

"To, tsohon banza, an sace maka katakon?" ya ce. "Ɓarawon nan ya taimaki gari. Rubutun kakanka kamar kaza ta bi ta kan laka."

"Koma ka dafa igiyar takalmin da kake sayar wa mutane," in ji Ugajin, amma babu ƙarfi a maganar.

Tokiwa ya tambayi Gengo ko ya ga wani abu. Ya ce daga ƙarfe biyu zuwa huɗu yakan rufe ya ɗan kishingiɗa, kowa ya sani. Bai ga kowa ba, bai ji komai ba. Kuma wa ma yake bin layin nan ban da kyanwar mai magani?

Washegari Tokiwa ya fara da Hozumi, dillalin tsofaffin kayan tarihi, wanda shagonsa ke ƙarshen layin. Sau uku yana yi wa allon tayi, Ugajin na korarsa. Hozumi bai musa ba. Ya ce allon zai yi tsada a Kyoto, amma jiya tun safe yana wurin gwanjo a babban birnin jiha, ga tikitin jirgi, ga sunayen mutum biyar da suka ci abinci tare.

"Kuma Saje, da ni ne, ai ba zan bar ƙugiyoyin ba. Ƙirar hannu ce. Allo ba ƙugiyarsa rabin daraja ne."

Tokiwa ya buga waya biyu, maganar ta tabbata. Da zai fita ya kalli ƙofar Hozumi. Babu gishiri, babu faranti. Mutumin ya ce shi bai yarda da waɗannan abubuwan ba.

Mai kantin magani, wata baiwar Allah mai fama da gwiwa, ko matakala uku ba ta iya hawa, balle tsani. Ita ma ba ta zuba gishiri, ta ce yana jawo mata tsatsa a ƙofar ƙarfe.

Daga nan ya wuce ofishin ƙungiya, ɗaki biyu a saman tsohon banki. Sakatariyar, Uwargida Kuze, ta tarbe shi da shayi da fuskar wadda ba ta yi barci ba. An riga an rubuta takardar yabon, an yi odar furanni, an gayyaci magajin gari. Ta ce a bana shago tara suka rufe a Kurohama, wannan ne kaɗai labari mai daɗi da ta samu ta buga a mujalla, don me za ta ɓata shi? Jiya kuwa tana taron kwamiti har ƙarfe biyar, gaban mutum goma sha biyu.

"In allon bai fito ba fa?" Tokiwa ya tambaya. "Shi ke nan an soke?"

"A'a, ɗagawa ake yi zuwa baɗi, a ba mutum lokaci ya nemo wata shaidar. Abin mamaki, kai ne na biyu da ya yi mini wannan tambayar."

Ta ce makon jiya wani ya kira, muryar dattijo, bai faɗi sunansa ba. Abin da ya tambaya ke nan: sokewa ake yi ko ɗagawa? Da ta ce ɗagawa, sai ya yi godiya har sau biyu ya ajiye waya.

Tokiwa ya sauko, ya tsaya a bakin titi. Ɓarawon da ke son kuɗi ba ya tambayar dokar ƙungiya. Mai son ya wulaƙanta tsohon kuwa, da sokewa zai yi murna, ba da ɗagawa ba. Wannan wani ne da yake son shekara guda. Ya koma Layin Kasuwa, bai kalli saman ƙofofi ba, ƙasa yake kallo.

Ƙarfe biyu saura ya shiga shagon taliya. Kujera goma sha biyu, ba kowa a kai. Ya yi odar kwano ɗaya, ya cinye, ya sha romon, sannan ya ce wa Gengo ya zauna.

"Baba Sakaki, da me kake yin gishirin ƙofarka?"

"Da gishiri."

"Na ga yana da gefe takwas, kowane gefe kamar an yanka da wuƙa."

Gengo ya ce ɗan mazubi ne na katako, marigayiya matarsa ta sayo a wani wurin ibada shekara talatin da suka wuce. A cusa jiƙaƙƙen gishiri, a kife a faranti, shi ke nan. Ba kamar wancan ƙazamin ba da ke tara nasa da yatsu kamar tuwon yara.

"Haka ne," in ji Tokiwa. "Na hagun ƙofarsa da yatsu aka tara. Na daman kuwa gefe takwas gare shi."

Gengo ya ajiye tawul ɗin a kan tebur.

Tokiwa ya jero masa abin daki-daki, muryarsa ƙasa-ƙasa. Sawun tsanin yana dab da farantin dama. Wanda ya kafa tsanin ya ture gishirin, ya watse. Baƙon ɓarawo ko kallonsa ba zai yi ba, zai saɓi allo ya ƙara gaba. Amma wannan ɓarawon ya kai allon ya ɓoye, ya kasa zama, ya ɗebo gishiri a kicin ɗinsa ya dawo da rana tsaka ya gyara, don ba zai iya barin ƙofar maƙwabcinsa a buɗe ga sharri ba. Kuma hannunsa ya ɗauko abin da ya saba ɗauka kowace safiya. Shago huɗu ne a buɗe a layin, biyu ba sa zuba gishiri, ɗaya shi aka yi wa satar. Ga kuma dattijon da ya kira ƙungiya yana murna da ɗagawa.

"Yaushe ya gaya maka zai tafi Nagoya?"

"Ranar Litinin ta makon jiya." Gengo na kallon tebur. "Ya miƙo mini awara ya faɗa, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na ce masa Allah ya raka taki gona, layin zai huta da wari."

Gengo ya ɗago kai.

"Saje, ka san mutum nawa nake magana da su a rana? Shi ne. Ƙarfe shida na safe, minti goma, mu zagi juna. In ya tafi, sai rediyo." Ya share hanci da bayan hannu. "Shekara ɗaya kawai na so. Ban ce biyu ba."

Tokiwa ya san wannan lissafin, don shi ma bayan gaisuwar direban jirgin safe ba ya sake buɗe baki sai in wani ya ɓatar da laima. Tausayi ya kama shi, amma ya ce a fito da allon.

Yana sama, a ɗakin kwanan Gengo, naɗe cikin bargo mai kyau, an jingine shi nesa da taga don kada danshi ya taɓa shi. Har an goge masa ƙura. Su biyu suka tsallaka layin da shi.

Ugajin na wanke tukunyar wake. Ya kalli allon, ya kalli Gengo, ya kalli Saje. Tokiwa ya gaya masa yadda aka yi a taƙaice, ya ce sata ce, kuma in yana son shigar da ƙara ga takarda nan.

Tsohon ya fita waje, ya tsuguna da ƙyar a gaban farantin dama. Idonsa ya yi rauni, sai da ya kai yatsa ya shafa gefunan, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a tsugune.

"Saje, ba a sace komai ba," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Wani sakarai ne ya ɗauka ya goge mini."

"Shozo," in ji Gengo. Rabon da ya kira shi da sunansa tun suna makaranta. "Da gaske za ka tafi?"

"'Yata ce, Gengo."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Tokiwa ya riƙe tsani, Gengo ya hau ya mayar da allon a kan ƙugiyoyinsa.

Ranar Alhamis Uwargida Kuze ta zo ta ga shekarar, ta ɗauki hoto. Ranar Asabar aka yi biki a zauren ƙungiya, mutum talatin da wani abu, magajin gari ya yi jawabi mai tsawo a kan farfaɗo da kasuwanci. Chizuru ta zo, ta zauna a layin gaba, ta yi kuka da aka miƙa wa ubanta takardar. Gengo bai je ba, ya ce ba zai rufe shago ranar Asabar don mai awara ba, ko da yake ranar mutum biyu ne suka ci taliyarsa. Ranar Laraba motar kaya ta zo. Allon ne abu na ƙarshe da aka saka.

Tokiwa ya rubuta a littafinsa cewa an samu kayan da aka yi cigiya, babu ƙara. Bayan kwana goma zagayen safe ya biyo da shi ta Layin Kasuwa, ƙarfe shida da 'yan mintuna. An sauke ƙofar ƙarfen shagon awara, an manna takardar godiya ga masu saye, iska har ta fara ɓamɓare gefenta. A ƙasa, hagu da dama, ga faranti biyu da sabon gishiri, bai ko bushe ba. Kowanne gefe takwas.