Filin da Aka Bar wa Vasemaca

Ranar Alhamis ce, ana yayyafin nan na birnin Suva da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, Peniasi ya shigo ɗakin karatu na gidan adana tsoffin takardu, lemarsa na ɗiga. Miliakere tana makonta na biyu a aikin. Ta miƙa masa farar safar hannu, sai ya dubi farcensa da baƙin man injin jirgin ruwa ya riga ya zauna a ciki.

"Ki ƙaro min ta fuska," in ji shi, "kada takardun su firgita."

Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai. Da ya zauna a kujerar da ke jikin taga, sai ta lura bai nemi kowa ya nuna masa komai ba. Ya san lambar kowane kundi kamar yadda mutum ya san ƙofofin gidansu.

Shekara uku ke nan yana neman mutum ɗaya, Maesua, kakan kakansa, wanda aka kwaso daga tsibirin Malaita domin aikin gonar kwakwa, bai kuma sake ganin gida ba. Zuriyarsa suka zauna a Wailoku, wata unguwa a gefen Suva, a kan ƙasar da ba tasu ba. Tun rasuwar mahaifiyarsa Peniasi yake zaune shi kaɗai a ɗakin kwano, yana dafa rogo na mutum ɗaya, yana wanke kwano ɗaya.

Abin da ya samu a shekara ukun bai wuce layi guda ba, a wata takardar ƙidayar jama'a da masu mishan suka yi: "Maesua, lebura. Mata ɗaya, 'yar ƙasa, daga Ra. 'Ya'ya uku." Ra kuwa lardi ne can nesa da Suva.

"Me za ka yi in ka gano ƙauyensa?" ta tambaye shi wata rana.

"Ba komai. Ina so dai in aka ce daga ina kake, in daina cewa daga tashar bas."

Alhamis ta bi Alhamis. Ya fara kawo mata mangwaro a takarda, ita kuma ta fara ajiye masa kujerar taga. Tana kiransa Ɗan Alhamis, yana kiranta Mai Makulli. Wani maraice ya turo mata saƙo:

"Mai Makulli, yau na ɗora tukunya sai na ga na zuba abincin mutum biyu. Laifinki ne."

Ta amsa: "Ka ci rabona, Allah ya sa albarka. Amma ka wanke hannu tukuna."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Josateki, tsohon malamin makaranta kuma dattijon coci, bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau, ya ninke jarida.

"Ban ce yaron ba shi da hali ba, Mili. Amma in ya zo neman aure, wa zai riƙe masa tabua ya yi magana?" Tabua shi ne haƙorin nan na babban kifin teku, wanda ba a neman 'ya sai da shi. "Sunan wace ƙasa za a kira a kan tabarmata? Wa zan gode wa? In kun yi faɗa, gaban wa zan kai ƙara?"

"Baba, ai Allah ya san daga inda ya fito."

"Allah ya sani. Ni ne ban sani ba."

Akwai kuma Semesa, ɗan abokin Josateki, soja mai ƙauye da dangi da gona, wanda ya fara zuwa cin abincin rana kowace Lahadi ba tare da Miliakere ta gayyace shi ba. Wata Lahadi ya rage musu hanya daga coci. Peniasi yana tsaye a tashar bas, ya ga motar ta wuce, ita a gaba, iyayenta a baya suna dariya.

Saƙonsa ya zo gajere: "Na gani. Mahaifinki yana da gaskiya. Allah ya ba ki zaman lafiya."

Ta kira shi bai ɗauka ba. Ta rubuta: "Ka san abin da ya sa na zauna a gaba? Mahaifiyata ce take ciwon gwiwa, tana son miƙe ƙafa a baya." Gaskiya kuwa ta faɗa. Amma amsa ba ta zo ba.

Alhamis uku kujerar taga ta zauna babu kowa. Miliakere takan share teburin, ta jera masa kundayen da ya saba nema, yamma ta yi ta mayar da su. A gida ta daina musu da kowa. Abin da ya rage mata shi ne addu'ar safe, da tafiya ƙasa zuwa aiki ta bakin teku.

A Alhamis ta huɗu ta buɗe takardar ƙidayar da kanta, don kawai hannunsa ya taɓa ta. Ta karanta layin da ta riga ta haddace. Sai idonta ya tsaya a tsakiyarsa: mata ɗaya, 'yar ƙasa, daga Ra.

Mu mutanen nan ta wajen uba muke ƙirga asali, shi ya sa Peniasi ya yi shekara uku yana bin namiji, ita ma ta taya shi bi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wace ce matar. Amma mace in za ta yi aure a da, danginta sukan yanka mata fili, su ce na tsinkar ganyen miya ne, nata da 'ya'yanta. Irin wannan kyauta kuwa akan faɗe ta a gaban masu binciken filaye, a rubuta.

Kwana tara ta yi tana bin kundayen filaye na Ra, ƙauye bayan ƙauye, a lokacin cin abincinta. A rana ta goma ta same shi, cikin shaidar wani dattijo na ƙauyen Nasavulevu: "Filin da ke bayan rafi mun ba 'yar'uwarmu Vasemaca, wadda ta auri baƙo ɗan Malaita, Maesua, suka tafi Suva. Nata ne har 'ya'yanta su zo."

Ta ɗauki hoton shafin, ta tura masa da kalmomi kaɗan: "Ɗan Alhamis, ka yi fushinka, amma ka karanta. Kana da uwa a Ra."

Ya zo kafin a tashi aiki, bai ko cire rigar aikinsa ba. Ya daɗe a kan shafin.

"Mili, in na je suka ce ba su san ni ba fa?"

"Sai ka dawo ka tarar da ni. Ni na san ka."

Ranar Asabar ya hau bas shi kaɗai, da ƙunshin gaisuwa na yaqona, saiwar da ake jiƙawa a sha a taro, kamar yadda baƙo ke yi. Aka zaunar da shi gaban wani tsoho mai suna Aminiasi. Da ya faɗi sunan Vasemaca, tsohon ya jawo sandarsa.

"Tashi mu je."

Bayan rafi akwai fili a share, babu rogo babu gwaza, sai ganyen miya da ya yi tsawo a gefe. Gonaki sun kewaye shi ta ko'ina.

"Kakana ya ce kada a shuka komai a nan, 'ya'yanta za su zo. Kowace shekara muna sharewa. Samarin nan har zagina suke a ɓoye, wai ina noma wa iska." Ya dube shi sama da ƙasa. "Kun makara da shekara ɗari. Bas ɗin Suva ne ya lalace?"

Peniasi ya buɗe baki zai ce ranka ya daɗe, tsohon ya ɗaga hannu.

"Momo za ka ce. Kawunka ne ni. Ɗan 'yar'uwa ba baƙo ba ne a nan."

Saƙon da ya turo mata daga bakin rafin shi ne: "Mai Makulli, ashe ana jirana."

Bayan wata biyu mutanen Nasavulevu suka sauka a ƙofar Josateki, su goma sha huɗu. Momo Aminiasi ya durƙusa a kan tabarma, ya riƙe tabua da hannu biyu, ya kira sunan ƙasarsu, ya kira Vasemaca, ya kira Maesua baƙon da ya aure ta, ya bi 'ya'ya da jikoki har ya iso kan Peniasi. Sannan ya roƙi Miliakere.

Josateki ya miƙa hannu ya karɓi tabua ɗin. Sannan ya ce:

"Na tambayi wa zan gode wa. Ga shi an kawo min mutum goma sha huɗu, kuma shinkafar gidan ba za ta kai ba."

"Ai mun zo da rogonmu," in ji Momo. "Mun san halin mutanen birni."

An ɗaura auren a cocin su Miliakere, Semesa ma ya zo ya taya ɗaukar kujeru. Mako guda bayan haka amarya ta tsallaka rafin Nasavulevu da kwando, ta tsinki ganyen farko daga filin Vasemaca, ta dafa shi da madarar kwakwa. Peniasi ya jera kwanuka, ya ƙirga, ya ga ba su isa ba, sai da aka aro na maƙwabta.

Allah ya albarkaci gidansu, ya ba su zuriyar da za ta san sunan iyayenta maza da mata, ya kuma saka wa waɗanda suka yi shekara ɗari suna share filin wanda ba su taɓa gani ba. Amin.