Murɗin Hagu da Murɗin Dama

"Baba, don Allah kada ka yanke hukunci kafin a ɗaga zanen!"

Auta ce ke roƙo a tsakiyar shagon mahaifinta, inda garin katako ke yawo cikin hasken taga. Tsohon kafintan bai ko waiwayo ba. Da kurfi da guduma ya ƙawata katako tsawon rayuwarsa, shi ya sa tun ranar da saurayinta ya zo gaishe shi ya laƙaba masa Mai Inji, ya ce wanda ƙarfe ke yi wa aiki ba zai iya riƙe gida ba.

Da ƙyar Inna ta shawo kansa ya gindaya sharaɗi. Ya ba saurayin katako biyu kacal, ya ce a kawo injin nan shagon, a fitar masa da ginshiƙai masu murɗi na ƙofar falonsa. In sun yi, ya ba da 'yarsa. In ba su yi ba, kowa ya kama gabansa.

Ga su nan a kwance, lulluɓe da zane.

Mai Inji ya matso kusa da ita, idanunsa jajur.

"Auta... wani ya juya mini giyar injin da ke murza katakon. Ban lura ba sai da haƙorin injin ya ci na biyun. Abin da haƙori ya ci kuwa ba ya dawowa."

"Sai ka yi yaya, masoyina?"

"Sai na ƙarasa shi a haka. Ban iya barin aiki rabi ba."

Babban yaron shagon, ɗan ƙanen Baba, wanda ya daɗe yana hangen Auta da shagon a matsayin gadonsa, ya kece da dariya.

"Baba, kada ka wahalar da idonka. Ɗaya ya yi hagu, ɗaya ya yi dama, kamar ƙafafun agwagwa!"

Auta ta juyo a hankali.

"Yaya... da wane idon ka gani? Zanen fa ba a ɗaga ba."

Baba ya dubi babban yaron, kallon da ya sa dariyar ta maƙale masa a wuya.

Auta ta fizge zanen. Ta rungumi ginshiƙi ɗaya ta jingina shi a daman ƙofar shagon, ta ja ɗayan zuwa hagu, mayafinta duk ya yi fari da garin katako.

"Baba, dubi!"

Murɗin biyu suka tashi suna fuskantar juna, kowanne yana karkata zuwa tsakiyar ƙofar, kamar hannaye biyu da aka ɗaga don marabtar baƙo.

Tsohon ya tako. Ya sa yatsa cikin kwarin murɗin hagun, ya bi shi tun daga ƙasa har sama, yana neman inda zai yi tuntuɓe. Bai samu ba.

"Haka ake yin na ƙofa," ya ce can ƙasan maƙoshi. "Da sun kalli gefe ɗaya, da ni na kore ka. Kuma wanda aka yi wa zagon ƙasa bai jefar da aiki ba... wannan ba inji ne ya koya masa ba."

Ya share yatsansa a riga.

"Mai Inji, ka turo manyanka."

"Baba!" Auta ta durƙusa, hawaye da dariya suka haɗu mata. Mai Inji ya sunkuyar da kai.

Babban yaron ya nufi ƙofa sum-sum, kuma ba shi da hanya sai tsakanin ginshiƙan nan biyu.

"Yaya," Auta ta kira shi tana share ido, "mun gode da gudunmawa. A hankali dai, kada ka ture mana su!"