Sulen da Tabawa Ta Goge

Ku matso nan. Wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu, babu ruwana.

A wani ƙauye can bayan kogi an yi wata mata, Tabawa, mai wankin tasoshin tagulla. Kayan aikinta tsamiya, toka, tsumma, sai haƙuri. Mijinta Nomau haƙar ƙasar gini yake yi, mutumin kirki, amma idonsa ba ya ganin abu ya wuce.

Wata rana yana haƙa a tsohon kufai, dagi ya ci karo da tukunya. Cike take da kuɗin da: aninai masu huji, kwabbai, sulalla, duk sun manne, tsatsa ta mai da su kore. Maimakon ya mayar ya rufe, sai gogan naku ya naɗe a riga ya kawo gida.

Washegari yatsunsa suka yi kore. A kwana na biyu koren ya kai gwiwar hannu. A na uku ya kai wuya, harshe ya sandare, Nomau na kwance sai ido. Tabawa ta ba shi rubutu, ta yi masa hayaƙi, duk a banza. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

Da tsakar rana, gari tsit, aka yi sallama. Wata tsohuwa ce lulluɓe da baƙin saƙi. Tana tsaye a gaban Tabawa, amma muryarta daga bayan Tabawa take fitowa. Kaji duk suka shige akurki.

"Ajiyata na wurinku," in ji tsohuwar.

"Ga ta nan, Iya. Ki ɗauka, ki yafe masa."

"Ba haka na ajiye su ba. Ki wanke."

"In na wanke zai tashi?"

"Abin da kika yi wa kuɗin, shi kika yi masa. Kafin rana ta faɗi."

Tsohuwar ta zauna a kan turmi. Ba ta da inuwa.

Tabawa ta dama tsamiya mai kauri, ta zuba kuɗin. Ta riƙa ɓamɓare su da tsinke, ta murza da toka, ta ɗauraye, ta shanya. Duk wanda ya yi haske, sai koren jikin Nomau ya ja baya kaɗan. Tsami ya tsattsage mata yatsu har jini, ba ta tsaya ba.

Rana ta sauko kan danga, saura sule ɗaya. Shi ne na can gindin tukunya, tsatsarsa kamar ɓawon itace. Ta sa lemon tsami, ya ƙi. Irin wannan sai ya kwana a jiƙe. A ɗaki kuwa koren ya taru a ƙirjin Nomau, numfashinsa na sarƙewa.

"Iya, don Allah ki ba ni zuwa safe."

"Dubi rana."

Duk mai wannan sana'a ta san ba a sa wa tsohon kuɗi yashi, don yana cin tsatsa ya ci abin da ke ƙarƙashinta. Tabawa ta sani sarai. Amma ta ji mijinta na kakari. Ta damƙi yashi, ta dirje sulen tana kuka, har ya yi fes.

Ta juya shi. Kan mutumin da ke jikin sulen ya shafe, wurin ya yi sumul.

Tsohuwar ta karɓa, ta shafa da babban yatsa.

"Kin yi gaggawa, 'yar nan."

Kafin Tabawa ta ɗago kai, babu tsohuwar babu tukunya.

Nomau ya yi tari, ya tashi zaune, jikinsa garau. Tabawa ta durƙusa gabansa.

"Sannu, maigida. Sannu."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gyara rigarsa cikin kunya.

"Baiwar Allah, gidan wa ne nan?"

Har ya mutu tana kai masa tuwo, kullum yana yi mata godiya irin ta baƙo.

Don haka kada in ji waninku ya bi ta kufai shi kaɗai. In kuwa ƙafarka ta tono wani abu, ka mayar masa da ƙasarsa, ka wuce.