Takardar da Ta Ɓace Ana Gobe Sa Hannu

Ranar Laraba da hantsi wani direban motar haya ya faɗo caji ofis, gumi ya jiƙa masa riga har baya.

"Yallaɓai, an kashe ni! Gobe za mu sa hannu, yau an ce takardar gidan ta ɓace."

Sufeto ya nuna masa benci, ya ce ya fara daga farko. Shekara goma sha ɗaya direban yana tari don ya sayi gida. Ya samu na wani tsoho da zai koma wurin 'yarsa, sun daidaita. Lauya ya ce ba za a sa hannu ba sai ya ga ainihin takardar mallaka. Gidan hayar da direban yake ciki kuwa wa'adinsa ranar Litinin, har an ba wani.

"Ba ku da kwafi?"

"Akwai. Lauya ya ce kwafi ba gida ba ne. Neman sabuwa kuma ya ce sai mu yi wata huɗu muna zarya. Yallaɓai, yara biyar gare ni. A bayan mota zan kwantar da su?"

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira kofur, direban ya shige musu gaba.

Gidan ɗaki uku ne, da shagon aski a gaba. Sun tarar da tsohon a bakin gado, ƙafarsa mai ciwo a kan matashi, akwatin ƙarfe a buɗe a gabansa. Sufeto ya duba kwaɗon, babu ko ƙwarzane. Agogon hannu da zoben marigayiya matarsa suna nan, ba a taɓa ba.

Ya ɗaga ambulan ɗin da ake ajiye takardar a ciki. Bakinsa a manne yake yadda aka bar shi. Ta ƙasa aka tsaga shi, layi ɗaya santal, aka cusa tsohuwar jarida, aka shafa gam.

"Baba, yaushe rabonka da ganin takardar?"

"Juma'a. Na nuna wa dillali, na mayar, na manne da hannuna."

"Makullin fa?"

Tsohon ya jawo igiya daga wuyansa. "Ga shi. Ko wanka da shi nake shiga."

"Ba ka taɓa cirewa?"

"Yaro, na ce maka ko wanka."

A rumfar dillalai suka sami dillalin, waya biyu a hannu.

"Ranka ya daɗe, tun Juma'a ban sake taka layin nan ba."

"Mai shagon kusa ya ce ya gan ka ranar Asabar da abin awo," in ji Sufeto.

Dillali ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Au, Asabar! Ai ban shiga ciki ba. Shagon askin na auna. Akwai mai sayar da waya da ke so."

Direba ya zabura. "Wa ya ce maka zan ba da shagon?"

"Haba, maigida, kai ma ka san haya za ta ƙaru. Sana'a ce."

"Mai askin yana nan ka auna?" in ji Sufeto.

"Shi ya riƙe min bakin tef ɗin ma. Na ce masa, Dogo, ka fara neman wuri, sabon mai gida ba ya gadon tsohon ɗan haya."

"Haka doka ta ce?"

"Haka dai muke faɗa."

Sufeto ya yi tsaki. Dillalin maƙaryaci ne, amma in cinikin ya rushe la'adarsa ta rushe. Ba shi da dalilin ɗauke takarda.

Suka koma gidan rana ta take. Tsohon ya tuɓe hula yana fifita da ita. Kansa ƙwal, gashi bai fi na kwana uku ba.

"Baba, yaushe aka yi maka aski?"

"Lahadi. Dogo ke shigowa ya yi min a nan, tunda ƙafar nan ta ƙi."

"Igiyar wuyanka ba ta hana shi gyaran ƙeya?"

"Ai yana zare ta ya ajiye a kan tebur."

Sufeto ya dafe goshi. "Baba! Ba ka ce min ba ka taɓa cirewa ba?"

"To ni na cire? Wannan ai aski ne. Ya ɗora min tawul mai ɗumi a fuska, in ɗan runtsa, in farka ya gama." Tsohon ya tsaya, fifitar ta tsaya. "A'a. Kada ka ce Dogo. Shekara goma sha tara muna tare."

A shago, Dogo yana tsakiyar yi wa wani mai ƙaton ciki aski, ya kwashe gefe ɗaya.

"A tsakar gida na yi wa Baba askin, yallaɓai. Ban shiga ɗaki ba."

"Baban da ba ya iya taka ƙafa?"

Dogo ya sunkuya kan askinsa.

Sufeto ya ajiye ambulan a kan teburin kayan aski, ya bi tsagar da yatsa. "Ɓarawon gaske yaga zai yi ya wuce. Wannan hannun da ya saba da reza ne, wanda ko sata zai yi ba ya iya barin layi a karkace. Ka ba ni da kanka, ko kofur ya kwashe shagon nan?"

Dogo ya kashe injin. Ya ɗaga babban madubin daga ƙusa, ya ciro takardar a cikin leda.

"Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. So nake cinikin ya ɗan tsaya. Duk wanda nake yi wa aski a layin nan yake. In na tashi, a shekaruna, kan wa zan samu? Ni ma 'ya'ya gare ni."

Direba ya zaro yarjejeniyar cinikin daga aljihu. Ya buɗe shafi na uku ya tura wa Dogo a fuska.

"Karanta! Baba ya ƙi sayar min sai da na yarda ka zauna shekara uku a kan tsohuwar hayarka. Lauya ya rubuta, na amince. Me ya hana ka tambaya?"

Dogo ya karanta, ya sake karantawa. Ya waiga. Tsohon ya dogaro sanda da ƙyar har bakin shago.

"Baba, ba ka gaya min ba."

"Na bari sai an sa hannu in yi maka albishir, sakarai."

Direba ya miƙa hannu zai karɓi takardar. Sufeto ya riga shi, ya saka ta a fayil.

"Yi haƙuri. Yanzu shaida ce. Sai ta je kotu."

"Kotu? Yallaɓai, gobe fa!"

"Na sani."

"To na janye ƙarar. Baba, ka ce ka yafe!"

"Na yafe," in ji tsohon.

"An riga an shigar da ita littafi," in ji Sufeto. "Zan kai wa maigidanmu da kaina, in roƙe shi ya saki takardar. Amma ya yi tafiya, sai Talata."

"Litinin za a fitar da ni!"

Sufeto ya rufe fayil ɗin. Kofur ya kama hannun Dogo, suka nufi mota. Mai ƙaton cikin ya leƙo da zane a wuya yana tambayar wa zai ƙarasa masa ɗaya gefen, babu wanda ya kula shi.

Wayar direba ta yi ƙara. Matarsa ce. Ya ɗauka, kowa na jin muryarta.

"Baban yara, an samu? In ci gaba da ɗaure kayan?"

Ya bi motar 'yan sanda da kallo har ta sha kwana.

"An samu," ya ce. "Ki dai bar katifu tukuna."